Ranar da Ampilin Yaya Gado Ya Kama Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Yaya Gado ba, ko na so in manta hannuna na dama ba zai bari ba. Yau kwana goma sha biyu ke nan, amma har yanzu in na ɗauki alƙalami sai in ga yatsuna suna 'yar rawa, in kuwa ƙwarya ta faɗi a bayana sai in zabura. Lafiyata lau, kada ku damu. Ina ci, ina sha, gero ya yi kyau bana, jariri yana ta ƙiba. Abin da ya rage mini kunya ce, ita kuwa babu allurarta a asibitin Dogon Dutsi.

Yaya Gado wana ne. Rani uku yana zuwa Kumashi yana dako, yana dawowa da damina ya yi noma. A bana ya sauka daga mota da wasu akwatuna biyu na katako mai sheƙi, kowanne ya kai ƙugun mutum, gabansu an rufe da yadi mai ruwan zinariya. Lasifika ne, irin waɗanda ya gani a ɗakin maigidansa can, ya sa wa ransa sai ya mallaka. Ya zo kuma da ƙaramin garmaho mai aiki da pil, wato ƙananan batir, da faifai guda shida. Ya haɗa waya da waya, ya ɗora faifai, muka taru muka kasa kunne. Abin da ya fito daga manyan akwatunan nan bai fi kukan sauro ba. Wani direba ne ya gaya masa cewa akwai abu na uku da ake sawa a tsakani, sunansa ampili, shi ke karɓar ƙaramar murya ya ba ta ƙarfi.

Ni kuwa ina gida hutun ƙarshen shekara daga kwaleji a Yamai. Ana saura kwana huɗu suna, Baffa Maidanda, wan Babanmu, ya zo daga Kore Mairuwa. Tun ranar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, bai taɓa yarda da abin ba. Ya dubi akwatunan, ya dube ni ina kawo musu ruwa, ya ce wa Baba, "Shekara tara ɗiyarka na cin takarda, ga katako ya gagari gidanku. Mi ta iya?"

Baba mutum ne da ba ya cika baki. Ban taɓa jin ya yi alkawarin ko da kaza a gaban mutane ba. Ranar nan ya ajiye kofi ya ce, "Ita za ta zaɓo abin da ya rage, kuma ita za ta sa su magana ranar suna. Ka zo ka ji."

(Ya kamata in faɗi iyakar sanina game da lantarki. Babi ɗaya muka yi a aji, da pil biyu da ɗan ƙwan fitila ɗaya da malamin ya kunna mana muka tafa. Na ci maki mai kyau. Ke nan.)

Washegari ni da Yaya muka tafi wurin Sarzan Namata, tsohon soja ne da ya yi aikin rediyo a sojan Faransa, yanzu yana gyaran rediyo a wani shago bakin kasuwa. Yaya ya riga ya gama magana da shi, nawa kawai in nuna wanda za a ɗauka. Ampili biyu ne a kan teburinsa. Ɗaya ƙarami, launin toka, bai fi kwalin sukari biyu ba. Ɗayan kuwa ƙato, jikinsa duk ƙarfe, a cikinsa wasu kwalabe a tsaye kamar sojoji. Wani Anasara ne ya bar shi da zai koma ƙasarsu bayan an miƙa mulki.

Sarzan ya ce, "Madmazel, mi anka rubuta bayan akwatunan naku?"

Ban duba ba. Ban ma san ana rubutu a bayansu ba. Na ce, "Manya ne."

"Manya ba lamba ba ce." Ya yi murmushi. "Ba komi, na gan su ranar da anka sauke su tasha. Wanga ƙaramin ya ishe su, ya ishi tsakar gidanku. Batir ɗin mota kawai shika so, kuma ko wace mota ta kwana garin ga kuna iya ara. Babban ma shina ɗaukarsu, amma sai da kuran, wutar lantarki ke nan, kuma in kin murɗa shi ya wuce rabi, takardar da ke cikin akwatunan yagewa za ta yi. Gidanku akwai kuran?"

Ya san babu. Duk unguwarmu fitilar kananzir ce.

Yaya ya ce abokinsa makanike yana da injin wuta, zai ba shi aro. Ni kuwa idona na kan kwalaben nan. Na gwada ɗaga ƙaramin da hannu ɗaya ya taso, na gwada babban ko motsi bai yi ba. A raina na ce, yarinyar da ta yi shekara tara a lakwal ba za ta koma gida gaban Baffa da kwalin sukari ba. A ƙofar shagon akwai dattawa suna dara, na lura sun daina jefa itace suna sauraro. Sai na gyara murya na yi wata doguwar magana da Faransanci a kan ƙarfin na'ura, na nuna babban.

Sarzan bai yi gardama ba. Ya ce, "To. Amma wanga tsoho ne, jikinshi na ɗaukar wuta. Ki ɗaure shi da ƙasa kahin ki kunna. Kin san yadda aka yi?"

Na tuna wani zane a littafinmu, layuka uku a jere, kowane ya fi na samansa gajarta, malamin ya ce alamar ƙasa ce. Yadda ake ɗaure akwatin ƙarfe da ƙasa kuwa, ko a mafarki ban taɓa gani ba. Masu dara suna kallona.

Na ce, "Na sani."

"Kin tabbata?"

"Mun yi shi a aji."

A amalanke aka kai shi gida. Ana gobe suna muka gwada da rana, ƙasa a bushe, ina sanye da takalmina na roba. Injin ya tashi, kwalaben suka yi ja, kiɗa ya fito. Da na taɓa jikin ampilin na ji ɗan tsam a yatsa, kamar cizon ƙaramar tururuwa. Na ce wa kaina ai ƙarfi ke nan, shi na zaɓa. Zancen ɗaurewa da ƙasa kuwa na ajiye shi a matsayin tsoron tsofaffi.

Ranar suna da asuba aka yi ruwa mai kyau, kowa na cewa yaron ya zo da albarka. Aka raɗa suna, aka yanka rago, aka ci aka sha. Bayan la'asar maza suka cika rumfar ƙofar gida, Baba da Baffa a tabarmar gaba, Sarzan Namata a can gefe da hularsa ta soja. Mata suka cunkushe a bakin zaure suna leƙe. Yaya ya ajiye tebur a bakin rumfa, daidai inda ruwan safe ya zuba daga zana, yashin wurin har yanzu sharkaf. Akwatunan biyu dama da hagu, ampili a tsakiya kamar ango.

Aka ta da injin a bayan katanga. Yaya ya ɗaga murya ya ce, "Madmazel, bisimilla."

Na fito da sabon zanena. To ku da kuka san gidajenmu kun san mace ba ta ratsa gaban iyayenta maza da takalmi a ƙafa. Ban ma yi tunani ba, ƙafata ce ta yi da kanta. Na tuɓe takalman roban nan a bakin zaure, na rusuna na gaida dattawa, na taka jiƙaƙƙen yashi da tafin ƙafata har gaban tebur. Na ɗora faifai. Na dubi Baffa ta wutsiyar ido don in tabbata yana kallo. Sannan na dafa jikin ampilin da hannun dama zan murɗa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar jaki ya harbe ni a kafaɗa, sannan ya ƙi janye ƙafarsa. Hannuna ya manne, na ja ya ƙi. Haƙorana suna haɗuwa, kallabina ya faɗi, kitson da aka yi mini na kwana biyu ya bayyana gaban dattawan unguwa. Na tabbata mutuwa zan yi, a gaban teburin kiɗa, ba ko kalmar shahada a bakina. Abin da ya fito daga bakin nawa kuwa, saboda tsabar lakwal, Faransanci ne. Ina ta ihu a kashe wuta, a kashe wuta, da harshen da mutum ɗaya tak ya ji a duk taron. Allah ya sa mutumin nan Sarzan ne. Ya tsallake mutum uku ya fizge wayar injin. Ni kuma na yi baya na zube, gwiwar hannuna cikin ƙwaryar furar baƙi.

Da a nan abin ya tsaya, da na gode.

Gwaggo Tani, ƙanwar Baba, ta zo suna daga Gesheme. Tsohuwar 'yar bori ce da ake ji da ita a can, kuma ni ce bara na zaunar da ita na yi mata bayani, da ladabi a ganina, cewa yawancin abin da ake kira iska ciwo ne da likita ya san sunansa. Sai ga ta ta keto tsakiyar maza, ta tsaya a kaina, ta ƙame, ta sara mini irin ta soja.

"Kada kowa shi taɓa ta. Babule ne."

(Ga wanda bai sani ba, Babule su ne iskokin nan masu halin sojan Nasara, in sun hau mutum sai ya riƙa ƙamewa yana ba da oda da Faransanci.)

"Sannu da zuwa, kumandan," in ji Gwaggo. "Mi kaka so a yi maka?"

Na buɗe baki in ce Gwaggo ni ce, kuran ne, amma harshena ya yi nauyi, kaina ya juye, abin da ya fito rabi Hausa rabi Faransanci.

Ta juya ga mata ta ce, "Kun ji ko? Tun tana goye na ce akwai su bisa kanta, anka ce ƙarya nika yi. Ga shi sun bi ta har Yamai sun ƙaro karatu." Ta yafa mini mayafinta, ta ce a kawo garwashi da turare, a nemo mai goge.

Ta ƙarƙashin mayafin ina hango dariyar Baffa, irin wadda ba ta da sauti sai kafaɗa. Na ɗaga gefen mayafin na hango Baba. Bai yi dariya ba, bai yi fushi ba, ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. Wallahi wannan ya fi kuran ɗin zafi.

Sarzan ne ya yaye mayafin. Ya duba tafin hannuna, ya sa na motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni ruwa. Sannan ya ce wa Yaya ya samo guntun ƙarfe mai tsawon kamu biyu da guduma da waya. Na ɗauka shi zai gyara in lallaɓa ɗaki. Sai ya miƙo mini wayar.

"Tashi, Madmazel. Ke kinka zaɓe shi, ke za ki ɗaure shi. Injin a kashe shike, ba abin da zai same ki."

Na dubi ampilin, na dubi ƙafata ba takalmi. Baba ya ɗago kai ya ce, "Sa takalminki, ɗiyata. Mun yahe."

Haka na sa takalmi a gaban iyayena, na tsaya riƙe da waya. Na ce da Hausa tsantsa, da ƙarfi yadda har matan zaure suka ji, "Sarzan, ban san inda aka ɗaurawa ba. Nuna mini."

Ya juya ampilin. A bayansa akwai wani ɗan kusa, a gefen kusan kuwa ga layukan nan uku na littafinmu an buga su a jikin ƙarfe, suna nan tun ranar da aka ƙera shi. Na naɗa wayar a kusan, Yaya ya kafa ƙarfen cikin jiƙaƙƙen yashi, na naɗa ɗaya bakin a jikinsa. Sarzan ya juya bakin wayar da ke shiga injin, aka ta da shi. Ya fara taɓa ampilin da bayan yatsarsa, sannan ya ce in taɓa. Na ɗauki lokaci kafin in kai hannu. Ƙarfe ne kawai, da ɗan ɗumi.

Na murɗa a hankali, na tsaya kafin rabi. Kiɗan Kumashi ya tashi, ganguna da ƙahoni, har na ji shi a ƙirjina. Awakin maƙwabta suka watse. Mutane suka fara ɓullowa daga wajen kasuwa. Yaya Gado ya cire hula ya shiga rawa shi kaɗai, yana kuka yana dariya, rani ukunsa na fita daga akwatunan nan.

Baffa ya saurara har faifan ya ƙare. Ya ce wa Baba, "To, ta sa shi magana. Sai dai shi ya hwara sa ta."

Baba ya ce, "Cewa na yi ka zo ka ji. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji. Har Kore Mairuwa sun ji."

Gwaggo dai ba ta sauka daga maganarta ba. Da za ta koma Gesheme ta bar mini ƙullin turare, ta ce in kumandan ya dawo in gaishe shi. Ina ƙonawa, don ƙamshinsa da daɗi.

Abin da na koya bai da yawa. In tsoho ya tambaye ki "kin sani?" har sau biyu, ya riga ya san amsar, dama kawai yake ba ki. Yanzu abokan Yaya kan zo da yamma su ce Madmazel ta nuna musu yadda ake kunna ampili. Ina nuna musu kuwa, dalla-dalla, daga bakin zaure, da dogon karan dawa.