Ƙanƙarar Hajjo da Layin Masu Keke

Jama'a, yau da haushi na zauna rubutu, kuma har yanzu kwanona ba a ɗora masa nama ba a gidana.

Jiya aka yi sunan jikata ta fari, ɗiyar 'yata Shamsiyya. Tun kafin ranar, uwargida Hajjo ta gama zaga gidajen Dundaye tana shelar cewa zoɓon wunin sunan nan mai sanyi za a sha, irin mai kama haƙori. Mu kuwa rabonmu da wuta har yara sun mai da firij ma'ajiyar takalma. Don haka aka sayi ƙanƙara a Arkilla wajen wani mai sola, ƙatuwa kamar bulo. Hajjo ta ce in ɗauko ta a napep. Na ce Allah ya kiyaye, ina da kekena, kuma ai manyanmu sun yi mana layi.

Ga wanda bai sani ba, kwanakin baya Mai Girma Uban Fenti, Allah ya ƙara masa gwangwani, ya je ƙasar waje ya ga masu keke da hanyarsu ta daban. Tausayinmu ya kama shi. Ya dawo ya kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya ci shinkafa ya ƙoshi, sannan aka ja farin layi a gefen wani titi aka zazzana hoton keke a ciki. Ranar buɗewa an kafa rumfa, an yanka ƙyalle, an miƙa wa Mai Girma sabon keke ya dafa aka ɗauki hoto. Bai hau ba, saboda babbar riga. Ni dai har tafi na yi, don tun ina saurayi nake tuƙa keke a garin nan, masu mota na kallona kamar kaza, 'yan kabu-kabu na goge mini kunne da madubin babur, masu tafiya a ƙasa su faɗo mini ba dubawa kuma su riga ni zagi.

Abin da kwamitin bai hango daga cikin ofis mai sanyi ba shi ne, gefen da suka ja layin nan shi ne gefen itatuwan dogon yaro. A Sakkwato kuwa ba a barin inuwa ta zauna banza. Tun kafin a zuba kwalta dattawa ke shimfiɗa tabarmi a wurin, kuma fenti bai tashe su ba. Sun ma yaba, wai an shata musu iyaka kada mota ta taka musu buta.

Na ɗaure ƙanƙara a buhu da dusar katako, rana na tsakar ka, na shiga layina ina taƙama. Hoton keke na farko da na tarar, mai faci ya kafa famfo a kansa, ya ce shi a ganinsa alamar wurin sana'arsa aka zana masa. Na kauce. Gaba kaɗan ga majalisar dattawa. To, duk wanda ya tashi a gidan mutunci ya san ba a wuce manya bisa keke. Sai ka sauka, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. Na yi hakan. Aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi gero, ni kuwa ina jin ɗis, ɗis a bayana.

Na hau, ban yi nisa ba sai wata majalisar. Daga ta uku na daina sa takalmin, na rataya shi a kan keken. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne sai na fita layin na shiga titi, nan take wani mai jif ya danna mini hon ya leƙo yana tambayata ko makaho ne ni, ban ga an yi mana hanyarmu ba. Na koma. Shi kuma ya sha gabana ya faka jif ɗin a cikin layin, don nan ne inuwa.

A majalisar ƙarshe na faɗa hannun Baba Maccido, aminin marigayi mahaifina, mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya kai ga kakanni. Wata akuya ta zo ta tsaya ƙarƙashin kekena tana lasar ruwan da ke zuba, ban isa in kore ta ba ina durƙushe.

“Hayatu, mi ka zuba bayanka haka awa randa ta hwashe?” in ji Baba.

“Ƙanƙara ta, Baba. Suna muka yi, ɗiyar Shamsiyya.”

“Ashe yau na! To tashi ka tahi, kar ta narke. Amma tsaya, ina labarin ɗanka Mu'az, ya komo daga gona?”

Mu'az ya komo. Ƙanensa ma ya komo. Sai da muka komo da kowa sannan ya sallame ni.

Na isa gida bayan la'asar, wandona sharkaf, tsakar gida cike da mata kowa da kofi a hannu. Hajjo ta kwance buhu, ta tona dusa, ta tona, ta zaro abin da bai fi sabulun wanka da aka kwana biyu ana amfani da shi ba. Ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Kunya ta rufe ni. Mata suka sha zoɓonsu da ɗumi kamar shayi, suna cewa ai haka ya fi lafiya ga maƙogwaro, suna kallon juna.

Guntun da ya rage Hajjo ta jefa a kofi ɗaya, ta ce a kai wa babban baƙon da ke zaure. Na ɗauka na kai da kaina. Wa zan gani? Baba Maccido, ya miƙe ƙafa bisa tabarmata. Ashe ina barinsa ya tare ɗan kabu-kabu ya zo barka, suka bi tsakiyar titi, ba layi ba durƙuso, ya riga ni da nisa. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya tauna ƙanƙarar ƙurus ƙurus, sannan ya dube ni.

“Kai dai Hayatu ba ka da hanzari. Tun yaushe munka rabu?”

Na ce Allah shi ba Baba haƙuri.

Yanzu kuma na ji ana raɗe-raɗin Mai Girma Uban Fenti zai ja layin nan har wajen Hubbare, inda kowace inuwa ke da dattijonta. Madalla da wannan hangen nesa, ranka shi daɗe. Roƙona ɗaya ne, in fentin ya rage, a ja mana namu a cikin rana.