Ƙwai Sittin da Fankar da Ta Ƙi Juyawa

Yau da safe duk wanda ya ga wani dattijo yana ratsa layin makanikai da kaza a hammata, tana saran hannunsa yana ba ta haƙuri, to ni ne. Sunan kazar Masifatu, kuma halinta ne ya raɗa mata. Sara uku ta yi mini kafin mu iso gida, na ƙarshe a daidai yatsan da nake riƙe biro, saboda haka in kun ga rubutun yau ya karkace kun san dalili. Mai facin taya har da ajiye guduma ya miƙe tsaye, wai, "Malam, an maido tsohuwar ma'aikaciya bakin aiki ke nan?"  Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Wata huɗu da suka wuce aka kawo wa unguwarmu aikin wuta. A filin bayan makaranta aka jera farantan sola, aka kafa wata doguwar fanka mai fukafukai uku wadda iska za ta riƙa juyawa tana ba mu lantarki. Ranar buɗewa Mai Girma Mai Almakashi da kansa ya zo, bawan Allahn da aka hore wa baiwar yanka ƙyalle ba tare da ya san abin da ke bayan ƙyallen ba. Ya hau mumbari ya ce, "Jama'a, duhu ya ƙare! In rana ta faɗi, ga iska. In iska ta kwanta, ga rana. Su biyun ba sa tafiya hutu tare." Bai rufe baki ba iska ta fizge hularsa, manyan ma'aikata uku suka bi ta da gudu har bakin kwata. Ya ce kun gani, ga shaida nan. Muka yi tafi har tafukanmu suka yi zafi.

Aka nuna mana wani ɗaki mai sabon fenti da ƙaton kwaɗo, aka ce cike yake da batura, ko da rana da iska sun yi yaji zai riƙe mu kwana uku. Sannan aka ciccibi tsohon janaretan unguwa, mai lotsattsen murfi da jan fenti a gefe, aka ɗora a mota. Har ihu muka yi masa. Ni ne ma na fi kowa ɗaga murya.

Na dawo gida jawabi na yi mini yawo a ka, na tarar da uwargida a bayan gida wajen kajinta. Shekara ashirin tana kiwo, kuma ba kowane irin kaji ba ne, irin na marigayiya mahaifiyarta ne, masu baƙin zane a gadon baya tun suna 'yan tsaki. Masifatu ce ke mata kwanci, ƙwai goma sha biyu a zama ɗaya, ba ta taɓa tashi ta bar su ba.

Na ce, "Maman yara, zamani ya zo. Ga wuta ba yankewa. Injin ƙyanƙyasa za mu kawo, ƙwai sittin lokaci guda, kwana ashirin da ɗaya ki ga tsaki kamar an zuba."

Ta ce, "Masifatu fa?"

Na ce, "Ki kai wa yayarki. Ta huta, mu ma hannayenmu su huta."

Sati biyu ina mata naci kafin ta yarda. Ta tara ƙwai sittin, ta goge kowanne, ta sa masa alama da fensir, ta jera a inji. Kwana shida da sawa, tsohon zakaranta, na ƙarshe a zakarun gidan uwarta, ya kwanta bai tashi ba. Ta daɗe tsaye a gaban injin nan tana kallon 'yar jar fitilarsa, sannan ta ce, "To Baban yara, abin da ya rage mini na Inna duk yana cikin akwatin nan naka." Na bugi ƙirji na ce ta sa a ranta kamar sun fito.

Muna da maƙwabci, Baba Hasashe. Shekara talatin ya yi a tashar duba yanayi yana auna ruwan sama da gudun iska yana rubutawa, har ya yi ritaya. A bangon ɗakinsa akwai wani abu mai kama da agogo, amma ba lokaci yake nunawa ba, nauyin iska yake aunawa. Ranar da ƙwai suka kwana goma sha uku ya leƙo ta katanga ya kira ni.

"Ɗana, ka tanadi gawayi."

Na ce, "Gawayi kuma, Baba? Ai mun wuce nan."

Ya ce, "Allurar nan tawa kwana uku tana hawa ba ta sauka. Iska mai nauyi ce ke saukowa za ta zauna mana a ka, kamar murfin tukunya. In ta zauna, ƙasa ba motsi, ko ganye ba zai kaɗa ba. Danshin da ke ƙasa kuma ba shi da hanyar tashi, sai ya shimfiɗu ya zama gajimare, ba ya zubar da ruwa, ba ya barin rana ta leƙo."

Na yi dariya. Na ce, "Haba Baba, Mai Girma ya ce ba sa tafiya hutu tare."

Ya ce, "Mai Girma ya tambayi sama? Wasu lokutan suna karɓeɓeniya, gaskiya ne. Amma irin wannan yanayin in ya zo, tare yake kwashe su. Yana cikin littattafanmu, kusan duk shekara sai ya leƙo, wani zubin kwana uku, wani zubin goma. Su waɗanda suka zo gwajin iska kafin a kafa fankar sati ɗaya suka yi, shi ma a tsakiyar lokacin iska. Na bi su da littafi a hannu, suka ce in bari sai oga ya zo."

Na ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, na shige gida ina cewa a raina tsufa ne.

Washegari gari ya waye a lumshe. Ba hadari, ba rana, sama fari fat kamar an rufa mata zanin gado. Na fita na ɗaga kai, fanka ta tsaya cak, har tsuntsu ya samu wurin zama a kan fiffikenta. Farantan sola suna ɗan ɗigo da wutar da ba ta wuce cajin waya ba. Ɗakin nan na kwana uku kuwa, kwana ɗaya kacal ya yi ya ce ga garinku. Da hantsin rana ta biyu jar fitilar inji ta mutu, ma'aunin zafi ya fara sauka a gaban idona. 

 Ashe uwargida ta ji maganarmu da Baba ta taga, ita ta sayo gawayin. Ta hura wuta, ta dafa ruwa, ta ɗura a kwalabe, ta naɗe su da tawul ta jera a cikin inji, ta lulluɓe shi da bargona. Duk bayan awa biyu sai an sake ruwa, a juya ƙwai da hannu ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuma, da yake namiji ne mai ilimi, na sa babbar riga na tafi ofishin aikin in ji ba'asi.

Tun daga ƙofa na ji wata ƙara da na sani. Na zagaya baya, sai ga janareta yana ta rugugi, murfinsa a lotse, ga jan fenti a gefe. Namu ne! Har kunya na ji mu haɗa ido. A ciki kuwa sanyi kamar ba a duniyarmu ba, wani jami'i ya miƙe ƙafa yana kallon ƙwallo.

Na ce, "Yallaɓai, kwana biyu ba mu da wuta, ina da ƙwai a inji."

Ya ce, "Ai injinanmu lafiyarsu ƙalau. Matsalar daga sama take, ita kuma ba ta ƙarƙashin sashenmu."

"Baturan kwana uku fa?"

"An kawo kashi na farko. Sauran suna hanya."

"To me ke cike da ɗakin?"

Ya ɗan yi tari. "Kujerun bikin buɗewa. Ai dole a adana kayan hukuma."

Ya ce in kwantar da hankalina, za su jawo mana wuta daga fankar garin da ke gaba, kuma an riga an kafa kwamiti mai mutum goma sha biyu da zai binciko inda iska ta shiga. Ya miƙo mini takardar koke. Akwai gurbin da aka ce a rubuta wanda ake ƙara. Na rubuta iska. Ya karɓa ya buga hatimi, ko gezau, ya ce in dawo bayan sati biyu.

A gaskiya na yaba. Ba ko'ina ake samun ma'aikatan da za su karɓi ƙarar iska cikin mutunci haka ba.

Na kawo wa Baba albishirin wutar garin gaba. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, murfin da nake gaya maka ba na unguwarku ba ne. Ka yini a mota kana gudu, kana ƙarƙashinsa. Tasu fankar ma barci take. Sai an kai waya can nesa inda yanayin ya bambanta, ko a cika ɗakin nan da abin da aka ce an cika shi." Na kira wani abokina da ke can garin a waya don in ƙaryata tsohon. Ya ce su ma ofishinsu ya yi musu alkawarin jawo wuta daga wajenmu.

Daga nan na cire babbar riga na kama aikin kwalba. Kwana shida muna yi. Na ƙone a hannu sau biyu, na fasa kwalba ɗaya, na koyi gane zafin da ya dace da bayan hannu tun kafin in duba ma'auni. Amma ruwan kwalba ba cikin kaza ba ne. Wani lokaci zafi ya zarce, wani lokaci ya faɗi kafin ruwa ya tafasa. Uwargida tana kara ƙwai a kunne tana saurare, ni ina kallon fuskarta ina neman labari.

Ranar ashirin da ɗaya da safe muka ji ƙwas. Ɗaya ya fasa, jiƙe sharkaf, ga baƙin zanen nan a bayansa. Uwargida ta sa hannu biyu ta rufe baki. Zuwa washegari goma sha huɗu suka fito. Muka ƙara wa sauran kwana guda, shiru. Arba'in da shida ke nan, kowanne da alamar fensirinta. Ita ta kwashe su da kanta a kwano, ta ƙi in taimaka, ta kai bayan gida ta binne. Wallahi tun da muka yi aure ban taɓa jin kunyarta irin ta ranar ba, don ba Mai Girma ne ya shigo gidan nan ya yi mata naci sati biyu ba.

Jiya, kwana na goma, murfi ya ɗaga. Baba ya riga ya faɗa tun shekaranjiya, ya ce allura ta fara sauka. Aka yi sa'a kuma jiyan ne Mai Girma ya kawo kwamiti duba matsala. Suna fitowa daga mota rana ta buɗe, iska ta taso, fanka ta hau juyi, hula ta sake tashi, mutum uku suka sake bin ta. Kafin yamma an ba da sanarwar cewa sakamakon matakin gaggawa da aka ɗauka, an shawo kan lamarin. Kwamiti ya ba da shawarar a ƙaro kujeru.

Kada wani ya ce na tsani fanka ko sola. Ranar da suke aiki, wutarsu ta fi ta janareta daɗi, ba hayaƙi ba ƙara. Abin da nake roƙo kaɗan ne: kafin a yanka ƙyalle, a zauna da tsohon da ya yi shekara talatin yana kallon sama, a buɗe littafinsa.

Da wuta ta dawo na ruga da murna na ce, "Maman yara, inji ya kama! Sai a kunna wa tsakin ƙwan fitila su ji ɗumi."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Yaya ta aiko, wai Masifatu sati biyu tana kwanci a kan kwando ba ƙwai, ta hana kowa sakat. Gobe da sassafe ka je ka ɗauko mini ita. Da kanka. Kuma ka ba ta haƙuri."

Shi ne tafiyar da kuka gani. Muna isowa uwargida ta ajiye ta a lungu, ta riƙa tura mata tsakin ƙarƙashin fiffike ɗaya bayan ɗaya. Masifatu ta harare su, ta harare ni, sannan ta baje ta rufe duka goma sha huɗun. Injin kuwa an goge shi an ɗora masa buhun dusa.

Ɗazu Baba ya leƙo ta katanga ya ce allura ta ɗan motsa sama, amma kada in damu tukuna. Ban yi dariya ba, na je na ƙaro gawayi. Masifatu kam ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ita ce kaɗai tashar wutar unguwar nan da ba a taɓa yanka wa ƙyalle ba, shi ya sa nake roƙonku kada wanda ya kai wa Mai Girma labarinta.