Yadda Za Ki Warke Daga Aikin 'Yan Wuya Ba Tare da An Ƙwace Miki Ludayi Ba

Ku yi mini afuwa tun daga farko. Ni ba likita ba ce, ban taɓa rubuta komai ba in ban da aikin makaranta, kuma a gidanmu na garin Barquisimeto ba a san ni da magana ba. An san ni dai da laɓewa bayan tankin ruwa da littafi. Amma na ga abin da na gani a Disambar bara, don haka nake ba ki tabbaci, ke da kika haura hamsin aka ce za a cire miki 'yan wuya, wato tsokokin nan biyu na can cikin maƙogwaro: in kika bi matakan nan za ki warke, kuma mulkinki yana hannunki. Daga Gwaggo Zoraida, yayar babana, na koye su. Ba ta san na koya ba.

Mataki na ɗaya: Ki karɓi ranar da ta fi muni

Idan asibiti ya ba ki rana a farkon Disamba, ki karɓa. Neman a ɗaga alamar tsoro ce, kuma ƙannenki suna kallo.

Gwaggo ta karɓa, alhali ta san ranar ayaka na tafe, ranar da dangi kan taru a naɗe ƙullun masara da naman miya cikin ganyen ayaba don Kirsimeti. Kowa da matsayinsa. Na ƙasa su wanke ganye, na tsakiya su shafa ƙullu, tsofaffi su ɗaura zare. Mutum ɗaya ce take tsayawa kan tukunyar miya da ludayin katako, ta ɗanɗana, ta ce ya yi ko bai yi ba. A gidanmu wadda ta ajiye ludayin sau ɗaya ba ta sake ɗaukarsa. Gwaggo ta fi kowa sani, domin ita ma a shekarar da kakarmu ta karye a hannu ta karɓe shi, wai riƙon ƙwarya. Kakarmu ta rasu tana ɗaurin zare.

Ga kuma ƙanwarta, Gwaggo Yahaira, wadda ta zauna babban birni Karakas ta dawo da imanin cewa miya tana son sukari.

Mataki na biyu: Kada ki yarda da zancen askirim

Kowa zai ce miki aikin wasa ne, ana tashi sai shan askirim. Wannan labari ne da aka shirya wa yara. Babba in ya farka, ji yake kamar ya haɗiye kwalba a farfashe, kuma wani ya bi ta da tsintsiya. Yawun bakinki zai zama abin da sai kin yi shawara kafin ki haɗiye. Kunnuwanki, waɗanda ba wanda ya taɓa, su ma za su shiga ciwon don zumunci. Ranar da kika ce kin samu sauƙi, washegari ne asalin ciwon zai iso da kayansa.

Duk da haka ki sa a sayo askirim ɗin. Masu dubiya za su buƙace shi.

Mataki na uku: Ki bar masu dubiya su yi aikinsu

Aikinsu shi ne su nuna miki ke raguwa ce. Maƙwabciya za ta ce an yi wa jikanta yana aji ɗaya, da yamma ya ci wainar masara biyu ya hau keke. Wata za ta kawo zuma da lemon tsami, wata ta ce lemon tsami ne ya kashe mijin yayarta. Za su zauna a bakin gadonki suna gardama, suna shan askirim ɗinki, suna kawar da kai a hankali duk lokacin da kika buɗe baki, saboda warin da ba wadda za ta ambata sai ta fita.

Gwaggo Yahaira ba ta tsallake rana ba. Takan gyara wa yayarta matashi, ta shafa mata goshi, ta ce, "Ki huta abinki, Yaya. Kada ki sa tukunya a ranki. Ai muna nan."

Mai jinya ta lura da kyau: wadda ta fi kowa gyara miki matashi, ita ta fi son ki daɗe a kai.

Mataki na huɗu: Ki yi mulki ba murya

Likita zai hana ki ɗaga murya. Ki sa a kawo miki ludayin kan gado. Gwaggo ta kwana da shi, ta tashi da shi. In ta buga ƙarfen gado sau ɗaya, ruwan sanyi take so. In ta ci gaba da bugawa, mijinta take nema, Baba Eleuterio, wanda muke kira Baba Teyo, tsohon direban bas da ya yi ritaya daga tuƙi da kuma faɗin ra'ayi. Da ludayin ta nuna kazar da za a yanka, da shi ta mayar da ganyen da ya yage, da shi ta kori ɗan Gwaggo Yahaira daga firji. Gidan bai taɓa tafiya daidai kamar lokacin ba, abin da ba wanda ya yi gangancin faɗa.

Mataki na biyar: Ki ɓoye abin da likita ya manta bai gaya miki ba

Wasu manya, bayan aikin, harshensu yakan tafi hutu. Gwaggo ta gane haka ranar da ta fara shan romon kaza mai ɗumi-ɗumi: ji ta yi kamar tana tsotsar makullin ƙofa. Ta lasa gishiri, makulli. Ta lasa zuma, makulli mai danƙo. Ta zauna ta daɗe tana kallon ludayin.

Kada ki gaya wa kowa. Ki riƙa lumshe ido kina gyaɗa kai a kan kowane cokali, yadda masana suke yi.

Mataki na shida: Ki ari harshe, amma ki duba ko yana aiki

Da safiyar ranar ayaka, kafin dangi su iso, Gwaggo ta ɗora tukunya. Hannunta ya san albasa da tattasai da nama, amma gishiri ba a hannu ake saninsa ba. Ta buga murfi, Baba Teyo ya shigo da hularsa a hannu. Ta miƙa masa cokali.

"Ya yi daɗi, tsohuwa," in ji shi, cokalin bai kai bakinsa ba.

Ta dube shi. Ta juya baya, ta ɗebo ruwan da aka jiƙa ganye a ciki, ta miƙa masa. Ya kurɓa, ya ɗaga ido sama, ya ce wannan ma ya fi na farkon.

A nan ne Gwaggo ta ga aikin hannunta. Shekara talatin tana horar da gida guda kan yabo, har ya zama a ranar da take neman gaskiya ba a ajiye ko kaɗan ba. Ta jawo shi ta wuyan riga, ta matso da maganar daga maƙogwaro mai ciwo, da ƙyar ake ji.

"Teyo, ba na jin ɗanɗanon komai."

Bai taɓa jin ta ce ba ta iya wani abu ba. Ya ajiye hular a kan buhun masara. Yana shirin magana motar Gwaggo Yahaira ta tsaya a ƙofa.

Mataki na bakwai: Ki miƙa cokali ta kan kafaɗar mai jira

Tsakar gida ta cika. An jera tebura, rediyo na ta waƙoƙin Kirsimeti, ana yi wa masu wanke ganye tsiya cewa a nan za su tsufa. Da lokacin ɗanɗano ya yi, Gwaggo Yahaira ta matso da jakarta a hammata, kowa kuma ya san ƙunshin sukari ne a ciki.

"Kawo in taɓa miki, Yaya. Wannan zafin ba na wuyanki ba ne."

Da ta taɓa ta ƙara ko da ƙwaya ɗaya ce, shi ke nan, ludayi ya sauya gida. Gwaggo Zoraida ta cika cokali, ta wuce da shi ta kan kafaɗar ƙanwarta, ta tsayar a gaban mijinta.

Aka yi dariya. Wani ya ce ai gara a tambayi kujera. Baba Teyo ya karɓa, ya hura, ya sa a baki. Ya daɗe. Gumi ya tsattsafo masa a sanƙo. Ya dubi ƙofar fita, ya dubi matarsa.

"Gishiri bai ji ba," ya ce.

Wani ya kashe rediyo. Gwaggo kuwa ta gyaɗa kai a hankali, kamar malamar da ɗalibinta ya ci jarrabawar da ta ɗana masa, ta barbaɗa gishiri, ta juya, ta sake miƙa masa. Ya ce a ɗan ƙara. Ta ƙara. Ya ce yanzu ya yi. Da cokali ya zagaya, har Gwaggo Yahaira ta ɗanɗana, sai ta rataye jakarta a ƙusa, ta koma shafa ƙullu.

Mataki na ƙarshe: Yadda za ki gane kin warke

Hatsarin gaskiya shi ne wanda ya ɗanɗana ta sau ɗaya yakan nemi ƙari. Baba Teyo, ana ta dafa masa kafaɗa, ya lashe cokali ya ce cikin fara'a, "Na bara ma haka yake. Da na bara waccan."

Muryar da likita ya ce a lallaɓa ta fito gaba ɗaya.

"Eleuterio Mújica! Shekara talatin kana cin abincina da ƙarya a baki?"

Kaji suka watse. Daga bayan katanga maƙwabciya ta ce wa mijinta, ba tare da ta leƙo ba, "Zoraida ta warke."

Ludayi yana hannunta har yau. An sauke Baba Teyo daga teburin zare zuwa bahon wanke ganye, kusa da ni. Harshenta ya dawo tun kafin bikin Ista, amma bana ma, da miya ta nuna, sai ga cokali ya leƙo ta tagar kicin, ba sallama, ba kallo, yana jiransa.

Sanarwa: mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. In wuyanki ya yi jini, asibiti za ki nufa da gaggawa, ba wurina ba. In mijinki ya fara faɗin gaskiya, ba ni na koya masa ba. In kuma takardar nan ta faɗa hannun Gwaggo Zoraida, wata Zoraidar ake nufi, ta wani gari.

Ga Baba Teyo can ya sa cokalin a baki, duk idanu sun koma kansa. Ƙofar baya a buɗe take, kuma takalmana suna hannuna.