Kalmar Babban Joji

Duk unguwarmu a Zomba babu mai ilimi kamar Bambo Chikaonda, wanda muke kira Babban Joji. Ya tsufa yana masinja a kotu, ya yi ritaya da tsohuwar kwat da kalmar Turanci guda, "vishiyet". Lauyoyi kan faɗe ta idan wani aibi ya ɓata hukunci ko yarjejeniya. Shi kuwa har cikin kwano yake tsoma ta. Ranar da ya gaya wa matarsa gishiri ya vishiyet miyar kabewa, sai ta ɗauke tuwon.

"Abin da kotu ta soke ba a cinsa, Baban Tadala."

Ya ɗaukaka ƙara. Ta zuba wa kare.

Sai ga zaɓen shugaban kwamitin rijiyar burtsatse, kujerar da ya daɗe yana goge takalmi dominta. Abokiyar takararsa Mayi Nasibeko ce, mai sayar da kifi. Kowa ya jefa ƙwayar masara a kwanon wanda yake so, Fasto ya zauna ƙirga. Babban Joji ya hango kwanon da ya fi cika, ya ɗauka nata ne. Ya miƙe, ya gyara kwat.

"Ina sanar da wannan zama mai alfarma cewa an fara zaɓe babu addu'a. Wannan ya vishiyet komai."

Fasto ya ɗago kai. "Bambo, ai kai ka ci."

Daidai nan matan kasuwa da suka makara, mutanen Nasibeko, suka fara cika ƙofar wurin taron. In an sake zaɓe zai sha kaye, kuma ya sani.

Fasto mutumin kirki ne, ya buɗe masa hanya. "Na ji an ce kalmar kan nufi raunana abu kawai. In haka ne, zaɓe na nan."

Joji ya fara gyaɗa kai. Ni kuwa bakina bai iya zama ba.

"Ashe 'yar kalma ce, Joji? Irin ruwa ya yi yawa a shayi? Mu muna ta tsoronta shekara da shekaru."

Ya juyo gaba ɗayansa, jijiyar wuya a tashe.

"Ke tsohuwa, kin taɓa shiga kotu? Da idona na ga kalmar nan ta kashe hukuncin alƙali mai hular gashi. Abin da ta taɓa ya mutu. Fasto, zubar da masarar nan."