Cindo da Kwamfutar Famfo

A Tungar Makera akwai wani gida mai mutum uku: Inna Kande, 'yarta Lantana mai gyaran kwamfuta a Zariya, da ɗanta Cindo, wanda Allah ya ba kunne mai kyau ya bar sauran. Shi aka ɗora kan tsohuwar kwamfutar da ke kunna famfon sola na gari, saboda ba wanda ya kai shi zaman banza.

Wata rana ruwa ya fara yankewa. Lantana ta bugo waya: "Hotunan da take tashi da su ne ke cinye batir. Ta yi nauyi, a rage mata." Cindo ya ɗaga ta, ya yarda. Ya kwance murfinta da fankarta, ya sake ɗagawa. "Yaya, yanzu ko yaro ya ɗauka." Kafin azahar ta yi zafi ta mutu, mata suka koma rafi suna sa masa albarka irin wadda ba a amsawa da amin.

Wata rana Lantana ta ce, "Mayar da fankar. Kwalliyar nake so a cire, ta tashi da rubutu zalla." Gwanin ya samo soso da sabulu. Sai da kwamfuta ta yi kwanaki a rana tana bushewa kusa da barkonon Inna.

Wata rana ta ce, "Ka ba ta umarni, zan faɗa maka kalmomin." Bai jira ba. Ya tsaya gabanta ya riƙe ƙugu: "Ke! Daga yau ban da hoto!" Kwamfuta ta tashi da hoton furanninta kamar kullum. "Yaya, ba ta da tarbiyya."

Wata rana Lantana ta gaji. "Cindo, ni dai in ta tashi kada idon kowa ya ga komai. Ina zuwa Asabar." Ya cire allon kallon kwamfutar ɗungurungum ya kai gida.

Da Lantana ta iso, tanki na ambaliya, mata na cika jarkoki. Mai unguwa kaɗai ke zaune ya turɓune fuska. Ashe shi da fadawansa ke zuwa kullum kallon dambe a allon har batir ya ƙare.

"Ina allon?" in ji Lantana.

"Inna na shanya kuɓewa a kai. In ɗauko?"

Ta dubi Mai unguwa, ta dubi tanki. "Bar shi. Kuɓewar ba ta bushe ba."