Ranar da na kwanta a kan ƙyauren wankan gawa

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da aka fara haƙa mini kabari ina kwance ina ji ba. Kuma babu wanda ya jawo mini sai ni.

Na haura hamsin kafin na shiga makarantar yaƙi da jahilci, a ƙauyen da ke gaba da namu ta hanyar Ɗanbatta. Da ƙafa nake ratsa gonaki in je. Saura sati biyu jarrabawa sai ƙafafuna suka kumbura kamar turmi. Maigidana, Malam Sule, ya ce, "In ba su sace ba kafin ranar, boko ya ƙare." Ni kuwa na rantse sai na ga sunana a kan takardar shaida.

A satin ne malamarmu, Malama Binta, sa'ar 'yata, ta ba mu labarin masu tafiya sararin samaniya. Ta ce cikin jijiyoyin jininmu akwai wasu 'yan ƙwayoyin halitta da suka shafe su kamar yaɓen cikin rumbu, su ne ke jin gudun jini. A can sama babu nauyi, sai jini ya taru a ƙirji da kai, ƙwayoyin su rikice, jijiya ta soma tauri kamar ta tsoho. Fuska ta kumbura, ƙafa ta tsuke kamar ta shamuwa. Har ta nuna mana hoto a waya: masu bincike sun kwantar da mutane a gado, kai ƙasa ƙafa sama, don su kwaikwayi abin.

Duk wannan bayanin, "ƙafa ta tsuke" kawai na ɗauko na taho gida.

To, ni ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu. Akwai wani tsohon ƙyaure da nake kwantar da mamata a kai, yana jingine a ɗakin marigayiya uwar mijina, inda ba mai shiga. Ranar kasuwa, Malam ya fita, na idar da azahar, na ɗora gefen ƙyauren a kan tubali uku. Don kada in zame, na yagi ragowar likkafani na ɗaure ƙafafuna a jikinsa, na kwanta kai ƙasa ƙafa sama. Ƙudaje suka dame ni, na ja sauran na rufa har fuska. (Na sani. Ba sai kun faɗa ba.)

Kunnuwana suka soma kuka, kaina ya yi nauyi, daga nan ban san inda nake ba.

Salati ne ya dawo da ni. Talatu maƙwabciyata ta shigo aron rariya, ta leƙa, ta ga abin da ta gani. Kafin in farfaɗo mata sun cika bakin ƙofa, an aika kasuwa, maza sun ɗauki diga. Ba wadda ta yaye zanen, domin duk garin ni ce mai yaye irinsa.

Na so in motsa, jikina ya ƙi. Harshena ya cika mini baki. Maƙabarta tana bayan gonar geronmu, sai na ji ƙarar nan da na sani tun ina amarya, diga na dukan ƙasa, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. A ɗakin kuma ƙamshin turaren uwar mijina, wadda a kan ƙyauren nan na wanke ta.

"Ku duba," in ji Talatu cikin kuka, "har ƙafafunta ta ɗaure da kanta."

"Masu wannan aikin ana nuna musu ranarsu," in ji Inna Dije, tsohuwar unguwa.

"To wa zai wanke ta?" in ji wata.

"Ni dai a'a. Tana da rai ma ban iya haɗa ido da ita ba."

"Allah ya jiƙanta, akwai zumunci. Sai dai bakin nan."

"Inna Dije, a gaban gawa!"

"Shekara talatin nake jiran ta yi shiru in faɗa."

Wannan maganar ce ta kwance mini harshe. Daga ƙarƙashin likkafani na ce, da wata murya da ni ma ban san ta ba, "Dije, zo ki kwance ni."

Sai ƙarar ƙafafu, kowa ta ranta a na kare. Aka bar mini takalma bakwai da kallabi biyu a tsakar gida. Haka na zauna a ɗaure har Malam Sule ya shigo da hawaye a gemu, liman na biye da shi. Ya yaye zanen, ya ga fuska kamar ƙwarya, idanu jajur. Ya ja da baya.

"Ke ce?"

"Ni ce. Duba mini ƙafar, ta sace?"

A ɗakin shan magani ma'aikaciyar lafiya ta auna ni ta riƙe baki. Ta ce da hawan jini irin nawa, saura kaɗan jijiya ta fashe mini a ka. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in rage gishiri, in riƙa sa matashi ɗaya a ƙarƙashin ƙafa. Ɗaya! Malama Binta kuwa da ta ji, dafe kai ta yi. "Inna, illar na koya muku, ba magani ba."

Malam ya bar ni na yi jarrabawar. Ya ce matar da ta hau ƙyaure saboda boko, in aka hana ta sai ta shiga ramin da kanta. Na ci, kuma na bi gida gida na ba da haƙuri da takalma a hannu.

Ramin nan an mayar da ƙasarsa, amma damina ta lotsa shi. Kullum in zan tafi makaranta ina ganin shacinsa, daidai tsawona, ba ragi. Yanzu in Malama na bayani ina jira ta kai ƙarshe kafin in yi wayo. In kuma zan yi barcin rana, sai na leƙa ta katanga na shaida wa Talatu cewa da niyyar tashi na kwanta.