Nomau da Kambin Fure

A gidan Baba Gambo mutum huɗu suka rage bayan rasuwar Iya: shi tsohon, da 'yarsa Kande, da 'yarta Dela, sai autansa Nomau. Nomau gemu ya fito masa, amma magana yadda ka ajiye ta haka yake ɗaukarta. Tun da aka binne Iya, Baba ya daina cin tuwo. Loma ɗaya, sai ya ture kwano ya ce miyar ba ta kai ba. Har rigarsa ta fara yi masa yawa.

Da aka ba su Dela hutun makaranta, Kande ta kwashe su zuwa gonar bakin rafi, suka kafa bukka, ko iskar daji da ɗanyen ganye za su buɗe wa tsoho ciki.

Wata rana ta miƙa wa Nomau kwando ya je ya tsinko ganyen miya. Ya ce, "Yaya, ta yaya zan gane na ci?" Ta ce, "Bi akuya. Abin da ta ci, mai kyau ne." Da la'asar ya dawo da tafasa kaɗan, da tsumma, da guntun sabulu, da rabin hular Baba. Kande ta dafe kai. Ya ce, "Wallahi a gabana ta ci. Hular ma ta fi yi mata daɗi."

Wata rana kuma suka wuni tsinkar lalo ita da Dela, ta baza a tabarma. Ta ce wa Nomau, "Zauna nan, kada kaji su taɓa." Da ta dawo daga rafi, tabarma fes, akuya na lasar baki, Nomau na tsaye da sanda yana haki. Ya ce, "Ko kaza ɗaya ba ta matso ba!" Ranar gaya suka ci da gishiri, Baba kuwa ko hannu bai sa ba.

Kande ta gaji. Ta ce wa Nomau, "Daga yau, duk abin da ya fito daga daji, kada ka tambaye ni, kada ka ajiye. Tukunya kawai."

Wata rana da safe Dela ta naɗe igiyar yaɗiya, ta soke furannin kabewa a jiki, rawaya kamar hantsi, ta ɗora wa Nomau a ka. Ta ce, "Kawu, ka zama ango!" Nomau ya tambaya, "Daga ina ya fito?" Ta ce, "Daji mana." Ya cire kambin, ya nufi murhu, ya jefa cikin miya.

Dela ta kwarma ihu. Kande ta iso, fure ya riga ya narke, kuma babu sauran daddawar sake wata. Haka ta zuba, ta kai wa Baba tana ba shi haƙuri.

Ya yi loma ɗaya, bai ture kwano ba. Ya sake ta biyu.

"Wa ya sa furen kabewa?"

Nomau ya ɗaga hannu.

Baba ya goge ido da bayan hannu. "Haka uwarku take yi. A ɓoye take sawa, wai kada a ce abincin yara take dafawa." Ya tura kwano gaba. "Kande, ƙaro mini tuwo."

Nomau ya juya ga Dela, wadda har yanzu take shessheƙa. "Daina kuka, uwata. Gobe ki yi babba, tukunyar ba ta cika ba."